Daƙiƙa talatin a kan Tarwaɗa

Babur ɗin tsohon Jincheng ne na mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, irin AX100 ɗin nan mai hayaƙi da ya cika titunan Zariya kafin Boxer ya zo ya ƙwace kasuwa. Shekara shida yana jingine a zaure, kaji na kwana a kansa. Injinsa a ma'aunin girman inji ko cc 100 bai cika ba, 98 ne, giya huɗu, ƙarfinsa kuma wajen na doki takwas a lissafin masu inji. Ranar da na wanke kafireto na sa sabon fulogi ya tashi, na bi hanyar Shika da shi na murɗe totur har ƙarshe. Allurar mita ta nuna 100. Wayar da ke aljihuna, wadda ke auna gudu da GPS, ta ce 87. Daga ranar na daina yarda da allura.

Ni gyaran janareta nake yi a Sabon Gari, kuma dare ya yi ba ni da abin hira sai karance-karancen inji a waya. A haka na ci karo da labarin Bonneville, wani busasshen tafkin gishiri a jihar Utah ta Amurka, inda mutane ke taruwa a watan Agusta da motoci da baburan da suka ƙera da hannunsu. Ba a jera su a ce wa zai riga wani. Ɗaya bayan ɗaya ake sakinsu, kowa da agogo yake kokawa. A can ne Rocky Robinson ya yi kilomita 605 a awa ɗaya a shekarar 2010, a kan wani dogon babur mai injin Suzuki guda biyu. Wannan bai dame ni ba, don kuɗi ne suka yi magana. Abin da ya hana ni barci na 1956 ne, lokacin da kamfanin NSU na Jamus ya kai wani babur mai cc 50 filin, H.P. Müller ya kwanta rigingine a cikinsa ƙafafu a gaba, ya yi kilomita 196. Rabin injina ke nan. Gaskiya ne sun ɗaura masa na'urar cusa iska, amma duk da haka ƙarfinsa bai kai na doki 15 ba. A 1977 kuma Henk van Kessel ya yi 221 a ƙasar Holan da Kreidler, shi ma cc 50.

Ban yi wa kaina ƙarya ba, na san ba zan ƙyalla ƙurarsu ba. Na rubuta 120 da alli a bangon shago. Kilomita ɗaya cikin daƙiƙa talatin cif, da injin babanmu, ba tare da na ƙara masa girma ba.

Kuskuren da kowane bakanike zai yi shi na fara yi, na afka wa inji. Wata huɗu ina gurzar tagogin da ke cikin bulok, inda mai ke shiga hayaƙi ke fita. Bulok na farko na ɗaga masa tagar hayaƙi na faɗaɗa ta fiye da kima, ringi ya riƙa sarƙewa a bakinta har ya karye ya yi wa bango rubutu. Ƙaramin sani ƙuƙumi. Na sayi wani a gwanjo na bi shi a hankali. Sannan salansa: a injin da ke ƙona mai haɗe da baƙin mai irin wannan, salansa rabin inji ce. Kumburarren cikinta shi ke dawo da bugun hayaƙi baya, ya tura ɗanyen man da ya fara tserewa ya koma bulok kafin fistin ya rufe taga. Na yanka zubinta a kwali, na fitar da mazurari biyar daga falan ƙarfe, aka haɗa su da walda. Ƙara dai ta samu, har mai unguwa ya aiko a ce in rage gwaji bayan isha'i. Gudu kuwa, 92. Wata huɗu da bulok biyu, ribar kilomita biyar.

Autanmu ne ya warware mini. Siriri ne kamar sillen kara, yana haya da babur tsakanin Samaru da Kwangila. Ya karɓi Jincheng ɗin da wayata, ya kwanta a kan tanki ya miƙe ƙafafu baya yadda yaran acaɓa ke yi in suna neman suna, ya dawo da 99. Ko sukurudireba bai taɓa ba.

“Yaya, injin ba shi da laifi,” in ji shi. “Kai ne ka cika faɗi.”

Na so in maƙe shi, amma da na zauna da biro sai na ga gaskiyarsa. In ka ninka gudunka sau biyu, turin da iska ke yi maka ya ninku sau huɗu, ƙarfin injin da za ka buƙata kuma ya ninku sau takwas. Daga 92 zuwa 120 a zaune yadda nake, sai injin ya ba da fiye da ninki biyu na abin da yake bayarwa, kuma kafin ya kai nan zai watse. Abin da ya rage shi ne in rage abin da iska ke tararwa, in kuma gyara yadda take rabuwa da ni. Na tsaya jikin bango a kan babur da ma'aunin mita a gefe, Auta ya ɗauke ni hoto daga taku ashirin, muka buga a takarda muka ja layuka muka ƙirga gidaje. A zaune na tare wajen murabba'in mita 0.7. A kwance 0.5. Na sa wa kaina 0.4, a cikin kwasfa mai santsi.

Daga nan aikin ya koma Tudun Wada, wajen wani dattijo mai walda da gyaran bodi da ya san mahaifinmu. Baba nake ce masa, shi kuma Injiniya yake ce mini, da wata murya da ba za ka ce yabo ba ne. Mun ƙara wa ƙarfen da ke riƙe tayar baya tsawon santimita 25, muka rage tsayin gaba, muka saukar da hannuwan babur suka koma jikin fok, matakan ƙafa suka koma kusa da gindin tayar baya. Tanki ya fita, ƙaramin gwangwani mai cin lita biyu ya maye gurbinsa, inda tankin yake kuma na ɗaura soso don ƙirjina. Kwana biyu cur Baba ya yi da igiya da ma'aunin magina yana daidaita tayar gaba da ta baya su hau layi ɗaya. Na ƙosa na ce ai ya isa. Ya ce, “Injiniya, karkatar da ba ka gani a tsaye, a guje ita za ta gan ka.” Ban sake cewa uffan ba.

Masu wannan sana'a sun raba baburan gida-gida. Akwai wanda ake rufe mahayi ruf, kuma a Bonneville ba a barin irinsa ya shiga fili sai da kejin ƙarfe mai kare mutum, da bel, da na'urar kashe gobara, da lemar tsayawa. Akwai kuma wanda ake rufe gaba da baya amma ana ganin mahayi ta gefe. Na biyun na zaɓa. Ba ni da bututun da zan amince masa da raina a keji, kuma ina so in na faɗi in rabu da ƙarfen, ya tafi hanyarsa in tafi tawa.

Siffar kwasfar ce muka fi daɗewa muna ja-in-ja a kanta. Baba ya ce a yi mata hanci mai tsini kamar kibiya don ta tsaga iska, bayan kuwa a datse shi, tunda iska ta riga ta wuce. Ni ma da haka zuciyata ta fi kwanciya da farko. Amma duk wanda ya tashi a Zariya ya girma da ƙananan jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da ke Palladan suna shawagi a kansa, kuma wanda ya taɓa ganin fiffikensu a kusa ya san gabansa dunƙulalle ne, bayansa ne ke sirancewa. A irin gudunmu iska ba ta damu da tsinin hanci ba. Ɓarnar a baya take: in ka datse, sai iska ta kasa haɗuwa, ta bar rami mai guguwa a bayanka yana janyo ka. Na yi ta bayani da zane a ƙasa, Baba na kallona kamar mai tallan maganin gargajiya. Ana cikin haka wata yarinya ta wuce da tiren kifi. Na tsayar da ita na ɗaga tarwaɗa guda ta wutsiya. Kai faffaɗa mai laushi, jiki na raguwa sannu sannu har ya ƙare kamar wuƙa. Baba ya juya ta a hannu ya daɗe, sannan ya ce, “To, Wanda ya yi wannan ya fi ni da kai sanin aiki.” Muka saye ta aka gasa. Sunan babur ya samu tun daga ranar.

Na kwanta a kan firam da hular kwano, aka lanƙwasa rodi siriri kewaye da ni, ya bar ɗan yatsa biyu tsakaninsa da kafaɗuna. Faɗin ya tsaya santimita 54, tsawon duka ya kusa mita uku. Muka lulluɓe rodin da ragar kaji, muka shafe da filastar silin, na yi mako uku ina gogewa da samfefa har na koma kamar wanda ya faɗa buhun fulawa. A kan wannan zubi aka shimfiɗa faiba, wato tabarmar zaren gilashi da ake jiƙawa da wani ruwa ta daskare ta yi tauri, wadda na sayo da ruwanta a Kaduna. A nan ma na sha darasi. Watan Afrilu ne, zafi ya kai intaha, na dama ruwan faiba cikin kwano guda da maganin daskarewa gwargwadon yadda mai shago ya faɗa mini. Kafin in shafe rabin hanci, abin ya dunƙule a kwano ya yi zafi har yana hayaƙi, buroshi ya tsaya a ciki ƙiƙam. Daga baya na koma damawa kaɗan kaɗan a gwangwanin madara, da sassafe, da ragin maganin. Ƙaiƙayin faiba kuwa ba a ba da labarinsa. Maiɗakina ta ware mini tabarma da bokitin wanka na daban har aka gama. Gilashin gaba daga falan roba mai haske na yi shi, na gasa a kan garwashi daga nesa har ya yi laushi na danna shi a kan zubi. Na uku ne ya fito ba kumfa.

Sauran ƙananan abubuwa na wuce su da sauri, ko da yake kowanne ya ci nasa lokacin. Sufuroket na gaba ya tashi daga haƙori 14 zuwa 16, na baya ya sauko daga 42 zuwa 36, don injin ya kai 120 ba tare da ya wuce juyin da yake yi a 92 ba. Taya kuma sai da na koyi karanta gefenta: harafin J na nufin an yi ta don kilomita 100, L don 120, P don 150, sannan akwai lamba huɗu masu nuna mako da shekarar da aka yi ta. Na zagaye layin 'yan taya sai da na sami masu P da ba su tsufa a shago ba.

Hajiyarmu ta zo ganin abin ranar da aka fesa masa fenti. Ta zagaya shi sau ɗaya, ta dubi Auta, ta dube ni. Ta ce, “Kai ka ɗauko wa kanka, kai za ka hau. Auta ba zai shiga makarar nan ba.” Da ma na yi niyyar shi zai hau saboda rashin nauyinsa. Haka na haƙura da tuwon dare na wata uku, na sayi rigar fata a gwanjo, wani baduku ya ɗinka mini wandonta da ƙarin fata a gwiwa da ƙugu.

Wurin gwaji ya fi komai wuyar samu. Titin da jama'a ke bi ba ya cikin lissafi, don Tarwaɗa ba ta iya kauce wa ko akuya, kwana kuma sai ta yi faɗin fili. Allah ya taimake ni da wani sabon titi a bayan gari da aka shimfiɗa wa kwalta ba a buɗe ba, miƙaƙƙe sama da kilomita huɗu, an tare bakinsa biyu da durom. Na yi wa janaretan ma'aikatan gyara sau biyu, shugabansu ya yarda in riƙa zuwa ranar Lahadi bayan asuba, da sharaɗin in kawo masu tsare duk wata hanyar ƙafa da ta ratsa shi. Yaran shagona da abokan Auta suka ɗauki wannan, ladansu shayi da burodi.

Fitar farko ba gudu na je yi ba. Na yanka zaren ulu ja guntu-guntu kamar tsawon ɗan yatsa, na manna su layi layi a jikin kwasfar, Auta ya bi ni a gefe da nasa babur wani yaro a baya yana ɗaukar bidiyo. Inda iska ke bin jiki, zaren ya kwanta lif yana kallon baya. A kashi ɗaya cikin uku na ƙarshen wutsiya kuwa sai rawa yake, wasu ma sun juyo suna kallon gaba. Na tsuke wutsiyar da gaggawa ke nan, iska ta kasa bi ta sake ta. Muka yanke, muka ƙara mata santimita 40 ta riƙa sirancewa a hankali. Da muka sake fita, zaren ya kwanta har kusan ƙarshe. A raina na fi jin daɗin wannan bidiyo fiye da duk lambobin da suka biyo baya, don ranar ce na ga iska da idona.

Lahadi ta uku, cikin Disamba, sanyi na yanka hannu, na buɗe mata wuta. Da giyar da na sa, tashi sai an tura ni, kuma ta huɗu ba ta shiga sai an yi nisa. Amma da ta shiga sai na ji abin da ban taɓa ji a kan babur ba: iskar da ta saba dukan ƙirji babu ita, sai ƙarar inji a ƙarƙashin haƙarƙarina da kwalta na tahowa ta gilashi, taku ɗaya ƙasa da haɓata. Wayar da na ɗaure a gabana ta nuna 104, ta nuna 108. Sai ƙarar ta sirance, ta koma kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Kafin in gama tunanin mene ne, tayar baya ta ƙame, wutsiya ta fara zamewa hagu. Yatsuna biyu da ma suna kan kuloci, na damƙe, tayar ta saki, babur ya yi girgiza biyu ya miƙe. Na gangara har ya tsaya, na zauna a bakin titi ina salati, ƙafafuna sun ƙi ɗaukata. Baƙin layin da taya ta bari mun auna shi, taku goma sha ɗaya.

Da muka buɗe, fistin ya narke ta gefen hayaƙi ya shafe a bangon bulok, fulogi kuma fari fat kamar alli. Laifi biyu ne, duka nawa. Injin nan iska ce ke sanyaya shi, ni kuma na yi wata da watanni ina ƙoƙarin hana iska taɓa komai, har da shi. Na biyu, iskar sanyin asuba ta fi ta rana nauyi, ta fi yawa a kowane zuƙo, ni kuma na bar jet, wato 'yar ƙofar da mai ke bi a cikin kafireto, yadda na daidaita shi da zafin rana, mai ya yi kaɗan, wuta ta yi zafi. Muka huda baki a ƙasan hanci, Baba ya naɗe falan kwano ya yi maƙogwaro da ke kai iska kan bulok kai tsaye, da mafita a baya da ta fi mashigar faɗi. Na ƙara girman jet, na cire famfon baƙin mai na koma haɗawa da hannu, mililita 40 a kowace lita. Bayan kowane gudu sai in kashe inji nan take in kwance fulogi. In ya fito ruwan ƙuli-ƙuli, lafiya. Bakin da muka huda ya ci mini gudu kaɗan, na sani, amma ban yi jayayya da shi ba.

Iskar hunturu ita ma ta karɓi nata. Daga arewa maso gabas take zuwa, kuma titin ya gitta ta. Wata safiya mun makara, rana ta ɗaga, ina fitowa daga inuwar wasu itatuwan mangwaro zuwa fili sai ta kama doguwar wutsiyar nan kamar an riƙe faifai a guguwa, ta matsar da ni fiye da mita ɗaya gefe ba tare da na juya komai ba. Na rage wa wutsiyar tsayi, na ɗaure guntun ƙarfe mai kilo uku a cikin hanci don nauyi ya rinjaya gaba. Muka kuma kafa doka: a soke kara a wurare uku a ɗaura masa leda, in leda ta tashi ta miƙe, a naɗe kaya a koma gida. Lahadi biyu muka koma a haka ba mu tayar da inji ba.

A ƙa'idar masu wannan gasa ta duniya, gudu ɗaya ba ya zama shaida. Sai ka je ka dawo ta hanya guda cikin ƙayyadadden lokaci a ɗauki tsakaici, don kada gangara ko iska ta yi maka aiki. Haka muka yi ranar Lahadin ƙarshe ta Janairu. Mun auna kilomita ɗaya a tsakiyar titin da tef ɗin magina, muka ja layi da farar ƙasa a kowane baki. Yaro ɗaya a layin shiga da waya a kunne, in na taka layi ya ce “yanzu”, Auta a layin fita ya danna agogo, in na iso ya tsayar. Baba ya zo da kansa cikin bargo, ya zauna a kan durom da carbi.

Zuwa, daƙiƙa 29.1, wato kilomita 123.7. Yara suka kama ihu, na ce su bari tukuna. Na duba fulogi, na sha ruwa, aka juya Tarwaɗa da hannu. Dawowa akwai ɗan hawa da ido ba ya gani, kuma leda ta fara motsi. Na manne haɓata da soso, na tsuke gwiwar hannu har kafaɗa ta yi tsami. 31.3, kilomita 115. Tsakaici daƙiƙa 30.2, wato 119.2.

Auta ya rantse yatsansa ne ya makara a dawowar, wai sanyi ya sa allon waya bai ji taɓin farko ba, a cire kashi biyu cikin goman nan a rubuta talatin. Mai yiwuwa ma gaskiya ya faɗa. Na ce in yatsa na iya makara a dawowa, yana iya yin gaggawa a zuwa, a bar shi yadda agogo ya ce. Baba ya sauko daga kan durom ya zagaya babur ɗin, ya tsuguna a gaban tayar gaba, wadda har yanzu rabinta a waje take, sifok na yankar iska. Ya auna ta da tafin hannu, ya ce in kawo ta ranar Talata, akwai ragowar falan alminiyom a bayan shago.

Mako biyu bayan nan aka ɗauke durom aka buɗe titin, tirela suka fara bi. Murfin tayar yana nan an gama shi, na rataye a ƙusa a zaure saman Tarwaɗa, wadda na lulluɓe da tamfol saboda kaji. A bangon shago ban goge 120 ba, na dai rubuta 119.2 a ƙarƙashinsa. An ce mini ma'aikatan nan sun koma wani aiki ta wajen Giwa, kuma janaretansu ya fara tari.